Me Ya Sa 12? Labarin Masu Raba Sautin Kiɗa Gida 19, 24, 31 da 53

A birnin Amsterdam na ƙasar Holan, a wani zauren kiɗa da ke bakin ruwa mai suna Muziekgebouw, akwai wata ogan da ko gwanin fiyano ya zauna gabanta sai ya rasa inda zai ɗora yatsa. Ogan dai ita ce babban abin kiɗan nan mai bututai da iska ke bi, irin na manyan majami'u. Maɓallan wannan kuwa ba farare da baƙaƙe kaɗai ba ne, har da shuɗaye, an jera su hawa bisa hawa. Inda fiyano ke da sauti 12 kafin jeri ya koma farko, ita 31 gare ta. Wanda ya tsara ta, Adriaan Fokker, ba kiɗa ne sana'arsa ba. Masanin kimiyyar fiziks ne da ya yi aiki da Albert Einstein a Zurich tun yana matashi. An kafa ogan ɗin a gidan tarihi na Teylers da ke Haarlem a 1950, aka mai da ita Amsterdam a 2009, kuma har yau ana kaɗa ta a gaban jama'a.

Abin da ya sa mutum irin Fokker ya ba wannan aiki ƙarshen rayuwarsa shi ne wani giɓi a lissafi da ya fi shekara 2000 yana damun masana, wanda yawancin masu danna fiyano a yau ba su ma san da shi ba.

A fara daga tsirkiya. Idan aka kaɗa ta, girgiza take yi, kuma yawan girgizarta a sakan ɗaya shi ke sa sauti ya yi kauri ko ya yi siriri. A ce tana girgiza sau 440. In aka danne ta daidai tsakiya, rabin da ya rage zai girgiza sau 880. Kunne zai ji sautin nan ne na farko ya dawo, sai dai ya hau sama. Abin da ke faruwa ke nan idan namiji da mace suka rera waƙa ɗaya tare, kowa da muryarsa, ba wanda ya saɓa wa wani. Wannan tazara ta ninki ita masana ke kira oktaf, kuma da wuya a samu al'ummar da kunnenta bai san ta ba. Gardamar duk a kan abin da ke tsakanin 440 da 880 take: matakai nawa za a sa, kuma a ina za a kafa kowanne?

Kunne yana da nasa zaɓin. Sauti biyu sun fi kwanciya da juna idan girgizarsu ta bi ƙananan lambobi. Bayan 2:1, sai 3:2, wato 660 a kan 440. Sai 5:4, wato 550 a kan 440. Akwai dalili. Tsirkiya ba sauti ɗaya take fitarwa ba. Mai 440 tana ɗauke da wasu ƙananan sautuka a 880 da 1320 da 1760 da 2200, ko da kunne bai ware su ɗaya-ɗaya ba. Mai 660 ita ma tana da nata a 1320. Sun haɗu ke nan a wuri guda, shi ya sa ake jin su sumul.

Matsala tana ɓullowa ne idan aka so gina dukkan tsanin da wannan tazara mai daɗi ta 3:2. A hau da ita sau 12, kowace a kan 'yar'uwarta, za a iso kusa da inda oktaf 7 suka tsaya. Kusa, amma ba daidai ba: lissafin farko yana ba da 129.75, na biyu 128. Kuma ba yadda za a yi su haɗu, domin duk yadda aka ninka 3 da kanta mara ce za ta fito, 2 kuwa kullum cika take bayarwa. Manomi ya san irin wannan: wata 12 na Hijira ba sa cika shekarar damina, kwana 11 ne ke saura, shi ya sa azumi ke zagaya rani da damina da hunturu. Ragowar da ke cikin kiɗa ana jingina ta ga Pythagoras na tsohuwar Girka. Ƙarama ce, ba ta kai rubu'in tazarar maɓalli biyu na fiyano ba, amma duk maƙerin abin kiɗa mai kafaffun sautuka sai ya nemi inda zai ɓoye ta.

Dabarar da ta ci duniya ita ce a raba ragowar nan daidai-wa-daida, kowane mataki ya ɗauki kaɗan. A yanka oktaf gida 12, kowane sauti ya zama na ƙasa da shi an ninka da 1.05946. Wanda ya fara fitar da lissafin sarai shi ne Zhu Zaiyu, ɗan gidan sarautar Ming a ƙasar Sin, a 1584, da katon allon ƙidaya mai duwatsu, har lambobi fiye da 20 bayan ɗigo. A kusan wannan zamani Simon Stevin ya yi irinsa a Holan. Amma Turawa ba su rungumi tsarin nan da nan ba. Ko littafin kiɗan da mawallafin kiɗa Bach ya rubuta a 1722, wanda ya bi dukkan sigogin kiɗa 24, manya da ƙanana, masana da yawa suna ganin ba da wannan saiti na bai-ɗaya aka rubuta shi ba. Sai a ƙarni na 19 ya zama abin da masu saita fiyano suka saba da shi.

Jinkirin yana da dalili, kuma awon da Alexander Ellis na Ingila ya yaɗa a 1885 ya fito da shi fili. Ellis ya raba oktaf gida 1200, ya kira kowanne sent, ta yadda kowane maɓallin fiyano ya zama sent 100. Tazarar 3:2 ta asali sent 702 ce, fiyano yana ba da 700. Wannan ba wanda zai yi ƙorafi. Tazarar 5:4 kuwa 386 ce, fiyano yana ba da 400. Maimakon 550 a kan 440, sai 554.4. Ƙananan sautukan da ya kamata su haɗu a 2200 sai ɗaya ya tafi 2217, suna gogar juna wajen sau 17 a kowane sakan. Wannan rawar murya tana cikin kusan kowane haɗin sauti uku da ake dannawa a fiyano. Mun daina jin ta ne don mun tashi da ita.

Ba ina cewa 12 kuskure ba ne. Ciniki ne mai riba sosai. Ita ce lamba mafi ƙanƙanta da ke ba da 3:2 da kyau haka, kuma tunda duk matakan tsawonsu ɗaya, mawaƙi zai iya cewa a ɗaga masa kiɗa ko a sauke gwargwadon muryarsa ba tare da karin waƙar ya canza ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauka haka Allah ya halicci sauti. Zaɓi ne mutane suka yi, kuma akwai wasu zaɓuɓɓukan.

Mafi kusa shi ne 19. Kowane mataki sent 63 ne, kuma 5 daga cikinsu suna faɗawa kusan daidai kan tazarar 6:5, wadda fiyano ke kuskure wa da sent 16. Farashinsa shi ne 3:2 ta ragu da sent 7. Bafaranshe Guillaume Costeley ya rubuta waƙa a kan wannan rabo tun wajen 1558.

Na 31 ya fi tarihi. Nicola Vicentino na Italiya ya bayyana wani abin kiɗa mai hawa biyu na maɓallai a littafinsa na 1555, wanda saitinsa ya yi kusa da wannan rabo. A 1691 Christiaan Huygens, mutumin da ya ƙirƙiro agogo mai lilo ya kuma gano watan Titan na duniyar Zuhal, ya fitar da lissafinsa. Rubutun Huygens ne Fokker ya koma wa a shekarun da Jamus ta mamaye Holan lokacin yaƙin duniya na biyu. Abin da ya ja hankalinsa a bayyane yake: mataki 10 cikin 31 suna ba da sent 387, wato ko sent ɗaya cikakke ba su kauce wa 5:4 ba. Mataki 25 kuma suna ba da tazarar 7:4, sautin da ke cikin kowace tsirkiya da kowane ƙaho amma fiyano bai da maɓallin da ya yi kusa da shi. Mafi kusa ya kauce da sent 31. Wanda ya saurari haɗin sauti a wannan saiti zai ji wata natsuwa da kunnensa bai saba da ita ba, domin rawar nan ta lafa. A nan ma an biya: 3:2 ta ragu da sent 5.

A wajen masu lissafi, 53 ita ce sarauniya. Jing Fang, wani malami a ƙasar Sin da ya rasu shekara 37 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga ya gano cewa in aka hau da 3:2 sau 53 ana isowa dab da oktaf 31. A wannan rabo kuskuren 3:2 bai kai kashi ɗaya cikin goma na sent guda ba, na 5:4 kuma bai kai sent 2 ba. Sai dai yatsun mutum 10 ne. R. H. M. Bosanquet na Oxford ya ƙera harmoniyam, wata ƙaramar ogan, mai wannan saiti a shekarun 1870, kuma sai da ya ƙirƙiro sabon jerin maɓallai dungurungum kafin hannu ya iya kai wa gare su. Masana kiɗan Turkiyya har yau da matakin 53 suke auna sautukansu a littafi, ko da yake ba duka suke kaɗawa ba. Julián Carrillo na Meziko ya wuce kowa: cikin fiyanon da ya nuna a baje kolin duniya na Brussels a 1958 akwai mai raba oktaf gida 96, wanda daga farkon maɓallansa zuwa ƙarshensu oktaf ɗaya tak ke nan.

Rabon da ya fi shafar kunnenmu shi ne 24, kuma labarinsa ba a Turai yake ba. Duk wanda ya tashi yana jin ƙira'ar Sheikh Abdulbasit ko Minshawi, ko waƙoƙin Ummu Kulsum, ya san sautukan da ba sa kan fiyano, ko da bai taɓa jin sunansu ba. Ba ana nufin karatun Alƙur'ani kiɗa ba ne. Abin nufi shi ne makarantan Masar suna bin hanyoyin murya da ake kira maƙamat, irin su Bayati da Rast da Saba da Sika, kuma galibi da Bayati suke buɗe karatu. Mataki na biyu na Bayati yana wajen sent 150 sama da tushe. Fiyano yana da 100, yana da 200, ba shi da abin da ke tsakani. Wannan sauti na tsakiya shi ne ruhin maƙamin. A tura shi sama ko ƙasa zuwa maɓalli mafi kusa, Bayati ya tafi, wani abu dabam ya zo.

Tun wajen 1840 Mikha'il Mishaƙa, wani likita ɗan Labanon da ya zauna a Dimashƙ, ya rubuta risala yana bayyana tsarin raba oktaf gida 24, kowanne rabin maɓallin fiyano. A 1932 Sarki Fu'ad na Ɗaya ya kira babban taron kiɗan Larabawa a Alƙahira. Makaɗa sun zo daga Maroko da Tunisiya da Iraƙi da Sham, Rauf Yekta ya zo daga Turkiyya, daga Turai kuma Béla Bartók da Paul Hindemith da Alois Hába, wanda shekara guda kafin nan aka nuna wasansa na waƙa da aka rubuta gaba ɗaya a kan rabon 24. Wasu Misrawa masu son zamani sun nemi a tsai da matakai 24 masu tsawo ɗaya, domin a samu rubutaccen tsari, a koyar a makarantu, a kuma ƙera fiyanon da zai iya kiɗan Larabawa. Wakilan Turkiyya suka ƙi, suka ce ba haka makaɗa ke kaɗawa ba. Manazartan Turai da dama, waɗanda za a zaci su ne za su tallata fiyano, sai suka roƙi a bar kiɗan yadda aka gada. Aka watse ba a cimma matsaya ɗaya kan tsanin ba.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da na fi ba muhimmanci. A takarda, 24 ta yi nasara: da alamunta ake rubuta kiɗan Larabawa a yau. A hannu kuwa mai kaɗa abin kiɗan tsirkiya irin ud ko kamanja bai taɓa bin ta sau da ƙafa ba. Sautin Sika na Halab ya fi na Alƙahira hawa kaɗan, kuma ko a hannun makaɗi ɗaya yana motsawa daga maƙami zuwa maƙami. Rabo na bai-ɗaya, ko gida nawa ne, ma'auni ne. Yana taimakawa a rubuta, a ƙera, a koyar. Gwani yana kusantarsa ne kawai, sannan ya bi kunnensa.

Haka abin yake a inda al'ada ta kusanci rabon daidai tun ba a zo da lissafi ba. Mutanen Chopi na Mozambik suna saita timbila, abin kiɗansu na faifan katako, kusa da matakai 7 masu tsawo ɗaya, wajen sent 171 kowanne, kuma kiɗan fadar Tailan ma haka ake bayyana shi. Amadinda ta Buganda a Yuganda da saitin silendiro na tsibirin Jawa suna kusa da matakai 5, wajen sent 240. Amma a Jawa kowace ƙungiyar kiɗa da nata saitin, ba a ɗauko ƙarfen kiɗa daga wannan a sa a waccan, kuma mutanen wurin ba sa ganin wannan aibi ne. A Indiya, inda murya ke zamewa daga sauti zuwa sauti, gidan rediyon ƙasa ya hana kaɗa harmoniyam daga 1940 har 1971, kuma cikin dalilan akwai cewa kafaffun maɓallansa ba sa iya wannan zamiya.

Kwamfuta ta kawar da babban cikas, wato tsadar ƙera sabon abin kiɗa ga kowane rabo. A 1980 Easley Blackwood na Jami'ar Shikago ya fitar da kiɗa 12 da na'urar lantarki, ɗaya ga kowane rabo daga 13 zuwa 24, don a ji halin kowanne. A 2017 ƙungiyar King Gizzard and the Lizard Wizard ta Ostireliya ta fitar da faifai da jitocin da aka ƙara wa ƙarafan wuya, suna koyi da baglama ta Turkawa, kuma matasa da yawa ta nan suka fara jin sautin tsakiya. Kamfanoni irin su Yamaha da Korg suna sayar da fiyanon lantarki na musamman ga ƙasashen Larabawa da Turkiyya, masu 'yan maɓallai na daban da in an taɓa su sai wani sauti ya sauka da sent 50. Kasuwa ta yi haka ne don makaɗan can sun nace sai an ba su sautinsu. Amma kwamfutar nan ita ce kuma ta fi kowa yaɗa 12. Tsarin MIDI na 1983, wanda na'urorin kiɗa ke magana da juna da shi, lambar maɓallin fiyano yake ƙirgawa. Auto-Tune, da ta fito a 1997, in aka bar ta yadda ta zo, jan kowace murya take yi zuwa maɓalli mafi kusa.

A nan maganar ta iso gida. Goge da kukuma da gurmi da garaya da molo da kuntigi, babu mai ƙarafan wuya a cikinsu. Yatsan Garba Liyo a kan goge, ko na Ahmadu Doka a kan kukuma, ko na Haruna Uji a kan gurmi, yana tsayawa ne inda kunne da gado suka ce ya tsaya. Mai kalangu yana matse shi a hammata sautin ya hau a hankali yana bin hawa da saukar magana, ba tsalle daga mataki zuwa mataki ba. Tun daga shekarun 1990 kuwa, da kiɗan fiyano ya mamaye finafinai da waƙoƙin situdiyo a Kano da Kaduna da Jos, yaro yana iya girma bai ji komai ba sai sautuka 12, da muryoyin da na'ura ta miƙar a kansu. Ban ga laifin masu fiyano ba; sun buɗe wa dubban matasa ƙofar waƙa. Abin da ke damuna shi ne ranar da za a kawo mai goge situdiyo, sautinsa ya saɓa da na na'ura, a yanke hukunci cewa shi ne bai saita ba.

Maganin ba shi ne mu ɗauko 24 ta Larabawa ko 31 ta Fokker mu ɗora wa kanmu ba. Wannan sauya ma'aunin wasu ne da ma'aunin wasu. Aikin da ya dace da sassan nazarin al'adu na jami'o'inmu, da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, da gidajen rediyon da ke riƙe da tsofaffin faya-fayai, shi ne su auna inda makaɗanmu ke tsai da yatsa, makaɗi bayan makaɗi, gari bayan gari, su ajiye bambancin yadda yake ba tare da sun daidaita shi ba. Awon da ya ci wa Ellis lokaci da kayan aiki, yau wayar hannu tana yin sa. Akwai kuma manhaja kyauta mai suna Scala, ta Manuel Op de Coul, da ke ɗauke da dubban saituka daga sassan duniya, kuma manhajojin kiɗa da yawa suna karanta fayilolinta. Fayil ɗin rubutu ne kawai: suna, sai adadin sautuka, sai sent na kowanne a layinsa. Injiniyan situdiyo zai iya zama da mai goge na awa guda, ya auna sautukansa, ya rubuta su cikin 'yan layuka da sunan makaɗin da garinsu, ya loda wa na'ura, daga nan fiyano ne zai riƙa bin goge.